Ɗan Fashi Mai Takardar Sarki



Idan Allah Ya kai ki birnin Rabat na ƙasar Maroko, ki hau tsohuwar ganuwar da ake kira Kasbar Udaya, ki dubi inda kogin Bu Ragrag yake faɗawa teku. Garin da za ki hango a tsallake shi ne Sale. Yau ƙananan kwale-kwale ne ke fiton mutane a wurin, amma shekaru 400 da suka wuce, jin sunan wannan gaɓa kaɗai kan kaɗa hantar matuƙan jiragen Turai.

Asalin abin kuwa, a 1609 Sarkin Sifen ya fara korar jikokin Musulmin Andalus, kimanin mutum 300,000. Wasunsu suka sauka a nan da zafin rabuwa da gidajensu, suka shiga tare jiragen ruwa. A 1627 suka kafa mulkin kansu, majalisarsu tana karɓar kashi 10 cikin 100 na ganima.

A wancan zamani masu tare jirage iri biyu ne. Akwai ɗan fashi zalla, wanda in an kama shi sai rataya. Akwai kuma wanda hukumarsa ta ba takardar izinin kwace jiragen abokan gaba, a raba riba da shi. Irinsu ne Francis Drake, wanda ya wawushe dukiyar Sifaniyawa, Sarauniyar Ingila ta ba shi sarauta a 1581. Sai a 1856 manyan ƙasashen Turai suka soke wannan izini a taron Faris.

To amma 'yar'uwa, takarda ba ta share hawaye. A 1631 Murad Rais, mutumin Holan da ya musulunta har ya shugabanci jiragen Sale, ya kwashi mutum fiye da 100 daga ƙauyen Baltimore na ƙasar Ayalan, har da mata da yara, aka sayar da su a Aljas. Haka nan mayaƙan Kirista na tsibirin Malta suka riƙa kama Musulmi suna ɗaure su a kan tuƙin jirage.

Don haka in yaranki sun kawo miki labarin wani jarumin teku, kada ki tsaya ga tambayar ko namu ne ko nasu. Ki koya musu su tambayi su wa ya kama, kuma me ya sami iyalansu. Zalunci zalunci ne, ko da hatimin sarki a kansa.

Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin bayinSa, amin. Sai wata mai zuwa.