Kifin Muritaniya ya iso Tinyer, yaushe naman Tinyer zai hau jirgin ruwa?

Makon jiya na tambayi ɗalibaina a aji: kifin ƙanƙarar da iyayenku ke saye a kasuwa, daga wane kogi yake fitowa? Wani ya ce Faro, wata ta ce Lagdo. Da na ɗauko taswira na nuna musu gaɓar Muritaniya da Senegal, na bi da yatsa ta teku har Duwala, sai ajin ya yi tsit. Wani yaro ɗan gidan makiyaya ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, to mu me muke aika musu?” Wallahi na rasa amsar da zan ba shi, kuma tambayarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Bari mu fara da yadda kifin nan ke zuwa. Da zarar an kama shi, ana daskarar da shi tun a cikin jirgi ko a masana'antar bakin teku, a jera shi a kwali, a loda a jirgi mai ɗakin sanyi ko a kwantena mai injin sanyi a jikinta. Ƙa'idar ita ce sanyin ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili ko fiye da haka, dare da rana, har a sauke. Kowane kaya da nasa ma'aunin. Ayabar Penja da Njombe da Kamaru ke turawa Turai ana ɗaukar ta ɗanya, a riƙe ta wajen digiri 13 zuwa 14, don in sanyi ya yi yawa ta lalace, in ya yi kaɗan ta nuna a hanya. Wannan fasaha ta tsufa. Tun 1882 wani jirgi mai suna Dunedin ya ɗauki naman tumaki kusan dubu 5 daga New Zealand, ya yi kwana 98 a teku, ya isa Landan naman yana nan lafiya.

A 'yan shekarun nan Kamaru na shigo da kifin ƙanƙara da ya kai tan dubu 200 a shekara, kuɗinsa ya haura sefa biliyan 100. Ba na cikin masu cewa a rufe ƙofa gobe da safe. Ni malamin makaranta ne, na san yadda ƙarshen wata yake. A gidaje da yawa a unguwarmu kifin nan ne kaɗai abin da ke shiga miya, domin nama ya fi ƙarfin talaka duk da a ƙasar shanu muke zaune. Kifin Lagdo da na Mbakawu kusa da Tibati ba ya isar kowa, bandarsa ma tsada take. Wanda ya ce a hana shigo da kifi tun ba a samar da madadinsa ba, bai taɓa ba matarsa jaka ɗaya ta yi cefanen mutum takwas ba.

Damuwata tana kan abin da ke faruwa bayan jirgi ya sauke. Daga Duwala zuwa Ngaundere kusan kilomita 900 ne ta layin dogo, daga can zuwa Tinyer kuma sama da kilomita ɗari, kuma duk wanda ya bi hanyar da damina ya san ba tafiyar sa'a biyu ba ce. Kwalin da ya tsallake teku cikin sanyi sai ya ƙarasa a bayan mota ƙarƙashin tamfol. Ya iso gari ya shiga firiza, wuta ta ɗauke, ya narke, wuta ta dawo, ya sake daskarewa. Mai saye ya ga ƙanƙara ya ɗauka lafiya lau ne.

Abin ya taɓa gidana. Bara uwargidana ta sayo irin wannan kifi, aka soya shi sosai, muka ci da daddare. Kafin mu kwanta fuskar 'yarmu ta yi ja, jikinta ya hau ƙaiƙayi, ni kuma kaina kamar zai tsage. Mun auna arziki, abin ya lafa kafin asuba. Daga baya na fahimci cewa irin kifin makero, in ya daɗe cikin zafi, ƙwayoyin cuta kan haifar da wani sinadari a namansa da ake kira histamin, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe shi. Ban kama sunan mai sayarwa ba kuma ba zan kama ba. Shi ma bawan Allah ne mai neman abincin iyali, jarinsa ne ke narkewa duk lokacin da wuta ta ɗauke.

Mu Musulmi muna da wata tambaya a kan wannan. Kifi ba ya buƙatar yanka, shi ya sa hankalinmu ke kwanciya da shi fiye da kaza ko nama da suka fito daga inda ba mu san wanda ya riƙe wuƙa ba. Amma addini ya umarce mu da cin halal mai tsarki da kyau, ya kuma hana ɗan kasuwa ɓoye aibin haja. Wanda ya san kwalinsa ya narke sau biyu ya yi shiru, ya ci amanar mai saye. Ina roƙon limamanmu su taɓo wannan a huɗuba, kamar yadda suke taɓo tauye mudu.

Kada wani ya ce talaka ba shi da ta cewa a harkar jiragen ruwa. Manya za su tuna kajin ƙanƙara da suka cika kasuwannin ƙasar nan. A 2003 an shigo da sama da tan dubu 20, masu kiwon kaji na gida suka durƙushe. A 2004 ƙungiyar ACDIC, ƙarƙashin marigayi Bernard Njonga, ta ɗebi samfuri daga kasuwanni ta kai Cibiyar Pasteur da ke Yawunde, aka samu sama da kashi 80 cikin ɗari ba su cika ƙa'idar lafiya ba. Jama'a suka yi ta magana har gwamnati ta taƙaita shigowar daga 2005, kiwon kaji na gida ya farfaɗo. Da hujja a hannu suka yi nasara.

Yanzu mu koma ga tambayar yaron nan. Faro da Dewo ƙasar gudali ce. Amma har gobe yawancin shanunmu da ransu suke tafiya kudu, a tirela ko a taragon jirgin ƙasa, su rame a hanya, wasu su karye, wasu su mutu. Fata, ƙafa, kayan ciki da aikin fawa duk can suke ƙarewa. Gwamnati ta gina mayankar zamani mai ɗakin sanyi a Ngaundere ƙarƙashin SODEPA, tashar ruwa mai zurfi ta Kiribi kuma ta fara aiki a 2018. Gabon da Kongo da Ikwatoriyal Gini suna nan kusa, suna sayen nama daga ƙasashe masu nisa. Na san Turai ba za ta karɓi namanmu ba muddin ciwon baki da kofato na yawo a garkunanmu, don haka rigakafi da shaidar likitan dabbobi su ne matakin farko. Amma yankan halal da wasu ƙasashe ke ɗaukar ma'aikata na musamman don samun shaidarsa, mu a gida muka gaje shi. Brazil, wadda Musulminta tsiraru ne, ita ce kan gaba wajen sayar wa ƙasashen Larabawa kajin halal, a kwantenar sanyi ta teku. Mu da muka tashi da wuƙa da Bismillah fa?

Abin da nake nema ba shi da yawa. Hukumar garinmu ta gina ɗakin sanyi ɗaya mai aiki da hasken rana a kasuwa, masu kifi da mahauta su riƙa biyan haya. Jami'an kula da lafiyar dabbobi su riƙa duba kwalaye da ma'aunin sanyi a lokacin da ake saukewa. 'Yan kasuwarmu da makiyaya su haɗa ƙungiya su mallaki motar sanyi ko da guda, ta kawo kifi daga Ngaundere ta koma da nama, kada ta tafi wayam. Attajiranmu da ke zuba kuɗi a filaye su duba wannan ɓangare.

Ke kuma uwargida, kafin duk wannan ya tabbata, ki duba da kyau. In kwali ya jiƙe ya bushe, in kifin ya manne cikin dunƙulen ƙanƙara mai jini, in idonsa ya faɗa ko namansa ya lotse da kin danna, ki bar shi komai arharsa. Wanda kika narkar kuma kada ya koma firiza.

Na yi wa ɗalibin nan alkawari zan kawo masa amsa kafin ƙarshen shekara. Ina fatan shugabannin garinmu za su taya ni nemo ta. Allah Ya sa albarka a abincinmu da dukiyarmu.