Ƙuri'ar ɗan ci-rani: wa zai jefa ta?

Kowace shekara, da an gama girbi, dubban magidanta da samari na Kance, Magarya da Mirya sukan tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Aljeriya. Ranar zaɓe takan iske da yawansu nesa da gida. Shi ya sa ake tambaya: me zai hana su aiko da ƙuri'unsu ta gidan waya, kamar yadda miliyoyin mutane suka yi a Amurka a 2020?

Kafin a yi sha'awar abin wani, a duba yadda ya kaya da shi. Faransa ta soke zaɓe ta wasiƙa a cikin ƙasarta a 1975, saboda maguɗin da ya yawaita, musamman a tsibirin Korsika. A Amurka ma an soke zaɓen wata mazaɓa ta jihar Karolina ta Arewa na 2018, bayan an gano wasu suna bin gidaje suna tattara ƙuri'un wasiƙa. Waɗannan kuwa ƙasashe ne da kowane gida ke da lamba.

A karkarar Damagaram wasiƙa sai ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta kai ga mai ita. Wanda bai iya karatu ba sai ya nemi mai karanta masa, ya kuma nemi mai cika masa. To, ina sirri? Labulen rumfar zaɓe shi ke kare talaka daga idon mai gida, da na mai bin sa bashi, da na ɗan siyasar da ya raba buhun hatsi. Ambulan ba ya da labule. Matar aure ita za ta fi cutuwa, domin takardarta a hannun wani za ta kwana.

Mutanen Zinder ba su manta da Yuli 1996 ba, lokacin da Janar Ibrahim Bare Mainasara ya rushe hukumar CENI ana cikin ƙidaya, ga ɗan garinsu Mahamman Usman yana cikin ƴan takara. A 2016 rigima ta tashi kan zaɓe ta hanyar shaidu biyu ga marar katin shaida. A 2021 Mahamman Usman ya ƙi amincewa da sakamakon zagaye na biyu. Inda amana ta yi rauni haka, ƙuri'ar da ba a ga mai ita ba sai ta zama man fetur kusa da wuta.

Amma hana ɗan ci-rani haƙƙinsa shi ma zalunci ne, tun da kuɗin da yake aikowa ke riƙe da gidaje da dama. In lokacin zaɓe ya dawo, a buɗe masa rumfa a ofisoshin jakadanci, ya je da ƙafarsa, ya dangwala yatsa a tawada. Kafin nan, wajibi ne magadan gari da masu gari su tashi tsaye kan takardun haihuwa, domin rashinsu ne ya jawo batun shaidu.