Tsibirin Gobir Ba Unguwar Maraɗi Ba Ce



Maganar tsadar gero da taki mun sha yin ta, kuma za mu sake. Yau maganar tsohuwar katanga ce, da filin da ke gefenta, da wanda za ku damƙa wa alƙalamin da ke iya sayar da filin nan.

Wanda ya fito daga Maraɗi ya kama babbar hanyar Ƙonni, kafin ya gama gaisawa da na kusa da shi a mota ya iso Tsibiri. Kowace shekara tazarar tana ƙara raguwa. Gonaki suna komawa filayen gini, bulo da kwano suna bin bakin hanya. Bunƙasar gari alheri ce, ba mu ƙi ta ba. Abin da muke tsoro shi ne ranar da yaro zai tashi a Tsibiri ya ɗauka garinsu wata unguwa ce a bayan Maraɗi inda haya ta fi sauƙi.

Ku tuna yadda aka yi garin nan ya samu. A 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi, Sarkin Gobir Yunfa ya rasu a cikin yaƙin. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama. Bayan haka ne Mayaƙi ya tattara Gobirawan da suka watse, ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da Katsinawan da suka riga su zama a Maraɗi. Ba mu kawo wannan don tayar da tsohon miki ba, waɗanda suka yi yaƙin jikokinsu sun daɗe da zama surukan juna. Mun kawo shi ne don ku san cewa gari ne da mutanen da suka rasa komai suka gina da hannunsu. Da Turawa suka ja layin iyaka a farkon ƙarni na 20, kufan Alƙalawa da Sabon Birni suka faɗa Najeriya, Tsibiri ta faɗo wannan ɓangare da fadarta da sarautar Inna. A 2010 hukuma ta ɗaga sarautar Gobir ta Tsibiri zuwa matsayin sultan. Amanar da ke hannunmu ta Gobirawan ƙasa biyu ce.

Mutanen Maraɗi sun san yadda tsohon gari ke ɓacewa. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka koma kan tudu aka yanka sababbin unguwanni. Wancan ruwa ne, babu wanda za a tuhuma. Amma abin da sakaci ya rushe, akwai mai amsa tambaya a kansa.

Ginin ƙasa ba ya faɗuwa dare ɗaya. Indararo ne ke toshewa, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta jiƙe, gara ta shiga. Lambatu ne ke cikewa da leda, ruwan unguwa ya taru a gindin katanga ya riƙa cin ta daga ƙasa. Wani kuma da kyakkyawar niyya sai ya shafe bangon da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa yadda ya kamata, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, tubali ya narke a ciki alhali waje yana sheƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin abin kakanninmu sun san shi: yaɓe kafin damina, makuba ta ɓawon ɗorawa, gyaran indararo, da magini wanda ya gaji sana'ar. Idan tsohon magini ya rasu bai koya wa kowa ɗaurin guga ba, an yi asarar da kuɗi ba sa mayarwa.

Doka kuwa akwai ta. Tun ranar 30 ga Yuni 1997 Nijar ke da doka mai lamba 97-022 ta kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. A 2004 kuma muka fara zaɓen kansiloli, su kuma suka riƙa zaɓen magajin gari. Yankan filaye da kasafin kuɗin gari ta hannunsu suka riƙa bi. To ku tambayi masu riƙe da mulki: ina takardar da aka lissafa wuraren tarihin Tsibiri? Nawa aka ware musu a kasafin bara? Wa ya sa ido lokacin da ake kafa duwatsun iyakar filaye? Idan suna da amsa, su karanta ta a bainar jama'a.

Wasu garuruwan ƙasar nan sun nuna cewa abin yana yiwuwa. Masallacin Yama a jahar Tawa, ginin ƙasa ne da magini Falke Barmu ya jagoranta tare da mutanen ƙauyen, ya samu kyautar gini ta Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Nan kusa da mu, tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Abin da ya tsayar da masallatan Yama da Agadas bai wuce gyara a kan kari ba.

Mun san wani zai ce: ana fama da yunwa da ɓarayin shanu, ku kuna maganar katanga? Gaskiya ne, ciki shi ne gaba. Amma yaɓen fada ko tsohon masallaci ba ya cin kuɗin motar babban mutum guda. Kuɗin kuma ba ya barin gari: mai haƙar ƙasa, mai amalanke, mai kawo ruwa, magini da yaransa, su ne za su ci. Kuma gero idan ya yi tsada bana, baɗi yana iya sauka. Filin da aka sayar aka kafa shago a kansa ba ya dawowa har abada.

Wani kuma zai ce kula da tsofaffin wurare komawa jahiliyya ne. Babu wanda ya ce a bauta wa bango. Katange maƙabarta don kada a yi gini a kan magabata, da gyara masallacin da kakanni suka yi salla a ciki, aikin mutunci ne da kowane malami zai sa wa albarka.

Ga abin da muke neman ku riƙe mu da shi idan kun ba mu majalisar gari. Na ɗaya, cikin shekarar farko a zauna da fada da malamai da dattawan unguwanni, maza da mata, a rubuta duk wurin tarihi: gini, maƙabarta, tsohuwar rijiya, tsohon itace. Na biyu, kada a amince da wani yankan filaye sai an liƙa taswirarsa a ƙofar ma'aikatar magajin gari an karanta ta da Hausa. Na uku, a ware kuɗin yaɓe da gyaran magudanan ruwa kowace shekara kafin ruwan farko, a faɗi adadin a rediyo. Na huɗu, tsofaffin magina su ɗauki samari su koya musu aiki, ƴan lakwal kuma a riƙa kai su fada su ji tarihin garinsu daga bakin masu shi.

Waɗannan huɗun ku ɗora su a gaban kowane ɗan takara da ya zo ƙofarku, har da namu. Wanda ya kawo sabulu da atamfa ya kasa amsawa, kun san abin da zai yi da alƙalami. Ku adana katinku na zaɓe, ku fito da sassafe, ku tsaya har a ƙirga ƙuri'a a gabanku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da iyakarmu lafiya.