Ziyarar Makaranta Ba Ta Masu Kuɗi Kaɗai Ba Ce

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku dubi wannan al'amari. Dokar Nijeriya ta shekarar 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne, kuma tilas ne. To, amma in ranar fita ziyara ta zo, sai a aiko yaro gida ya karɓo kuɗin mota. Ɗan mai hali ya tafi, ɗan mai sayar da gishiri ya zauna gadin aji. Kashegari malam ya ba da aikin gida, wai kowa ya rubuta abin da ya gani. Wanda bai je ba fa, me zai rubuta?

Shin sai da mota ake ganin gari? A cikin birnin Kano ƙafa ta isa ta kai yara marinar Ƙofar Mata, su ga yadda baba da toka ke mai da farin ƙyalle shuɗi. Ga Dutsen Dala, ga Gidan Makama. A kawo su kasuwa ma, mai awo ya koya musu mudu da canji, ba zai karɓi ko kwabo ba.

Ranar taron iyaye da malamai kada ciniki ya hana ku zuwa. Ku tashi ku faɗa musu: ko a tafi da aji duka, ko kuwa a fasa.