Bataliyar Argon ba ta ɓata ba, yasar da ita aka yi

Masu iya magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A fagen yaƙi kuwa, wanda ya ja ruwan sau da yawa yana cikin rumfa, talaka ne ke jiƙewa. Abin da ya faru a dajin Argon na ƙasar Faransa, cikin yaƙin duniya na farko, wanda Faransa ta kwashi dubban ƴaƴan Afirka ta Yamma zuwa gare shi, ya isa shaida.

Ranar 2 ga Oktoba 1918, sojojin ƙasa na Amurka kimanin 550, daga runduna ta 77, suka kutsa cikin dajin ƙarƙashin kumandan Charles Whittlesey, wani lauya daga New York. Umurnin Janar Robert Alexander shi ne a ci gaba, kada a waiwayi dama ko hagu. Suka bi umurni, suka isa wurin da aka ce su isa. Amma Faransawan da ke hagunsu da Amurkawan da ke damansu duk sun cije a baya. Kafin su farga, Jamusawa sun yi masu zobe.

Kwana biyar suka yi cikin wani kwari. Abinci ya ƙare. Ga ƙorama kusa, amma duk wanda ya nufe ta da gora harsashi ke tarbonsa. Bandeji sai an kwance daga jikin gawa a ɗaura wa mai rai. Guzurin da jiragen sama suka jefo, akasarinsa hannun abokan gaba ya faɗa. Ranar 4 ga wata, igwogin Amurka da kansu suka yi ta ruwan wuta a kansu, har sai da suka saki tantabararsu ta ƙarshe da takardar roƙon a tsagaita. Ranar 7 Jamusawa suka nemi su miƙa wuya, Whittlesey bai ko ba su amsa ba. Da aka kai masu ɗauki, 194 ne kaɗai suka fito da ƙafafunsu.

Ƴan jarida suka laƙaba masu suna "bataliyar da ta ɓata". Nan ne mu ba mu yarda ba. Wanda yake tsaye daidai inda aka aike shi bai ɓata ba. Sunan yana da daɗin ji, amma yana sauke laifi daga wuyan masu aike. Shi ya sa har yau an fi sanin Cher Ami, tantabarar da aka adana a gidan tarihi na Washington, fiye da janar ɗin da ya ba da umurnin.

Wani zai ce haka yaƙi ya gada, kuma ai an saka wa Whittlesey da lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka. Gaskiya ne, sai dai lamba ihu ce bayan hari. A watan Nuwamba 1921 ya shiga jirgin ruwa mai zuwa Kuba, ba a sake ganinsa ba.

Ya kai mai karatu, ko a ma'aikata kake ko a kasuwa, in ka ji hukuma na kambama jarumtar ƙananan da suka halaka, ka yaba masu, sun cancanta. Amma kada yabon ya mantar da kai tambayar da ta fi muhimmanci: wa ya sa hannu kan takardar aiken, kuma me ya tanadar masu kafin ya tura su?