In Kwamfuta Ta Koka, A Tambaye Ta Dalili

Ɗalibi yana cikin karatu a intanet, sai sadarwar Wi-Fi ta yanke, bayan 'yan daƙiƙu ta dawo. Da yawanmu tsaki kawai muke yi. A ganina wannan sakaci ne, domin kwamfutar ta riga ta rubuta abin da ya same ta.

Tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, yana da kundin da zuciyar tsarin, wato kanel, take rubuta rahotanninta. Umarnin dmesg ne yake buɗe shi. A nan mai katin sadarwa na Intel zai iya cin karo da jimlar "Hardware restart was requested", ma'ana an nemi a sake tayar da katin.

Ga yadda abin yake. Cikin katin akwai 'yar ƙaramar manhaja da ake loda masa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Direba, alal misali iwlwifi, shi ne tafinta tsakanin katin da kanel. Idan manhajar nan ta cije, sai direba ya nemi a kashe katin a kunna, a sake haɗa shi da sadarwa. Ashe saƙon shaida ne cewa tsarin ya yi wa kansa magani.

Wasu na cewa tunda sadarwa ta dawo, binciken me kuma? Gaskiya ne, in sau ɗaya ne a mako, ba abin damuwa ba ne. Amma in yana maimaituwa kowace sa'a, lalle akwai dalili: ko tsohuwar manhajar kati, ko tsarin tsimin batir, ko kuwa katin ne ya fara lalacewa. Wanda bai karanta ba zai iya kashe kuɗi wajen mai gyara a kan abin da sabunta manhaja zai warware.

Laifin ba namu kaɗai ba ne. Jerin lambobin da ke zuwa da saƙon, galibi injiniyoyin kamfani ne ke iya fassara su, domin manhajar katin a rufe take. Wannan bai dace ba.

Saboda haka, ya ku malamai, ku koya wa ɗalibai tambayoyi uku: yaushe saƙon ya fito, sau nawa, kuma me ya gabace shi? Matambayi dai ba ya ɓata.