A Bar Wa Kyanwa Faratanta

Wani yaro a Birnin Gwari yana da kyanwa. Ran nan ta kakkarce tabarmar ubansa, da ya zo kama ta kuma ta yakushe shi a hannu. Ya fusata, ya ɗauko reza, ya ce sai ya yanke mata farata duka. Ni a ganina, da ya aikata haka da ya cuci kyanwar, ya cuci gidansu kuma.

Yara, ku dubi ƙafar kyanwa da kyau. Faratanta 18 ne: biyar biyar a ƙafafun gaba, huɗu huɗu a na baya. In tana tafiya sai ta janye su ciki, don kada ƙasa ta dakushe su, kada kuma ɓera ya ji motsinta. Sai za ta cafke abu, ko za ta hau bisa, sa'an nan ta fito da su.

To, ku tuna ƙasar Birnin Gwari ƙasar noma ce. Da kaka rumbuna sukan cika da masara da dawa, ɓeraye kuwa su yi ta kai hari. Ba ɓarnar hatsi kaɗai suke yi ba. Akwai irin ɓeran da fitsarinsa da kashinsa ke kawo zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Kyanwar da aka raba da makamanta, ina za ta iya wannan gadi? Har wa yau, in kare ya biyo ta, da faratan nan take ɗarewa bishiya ta tsira.

Karce-karcen da take yi kuwa ba mugunta ba ce. Farcenta yana girma ne ɓawo bisa ɓawo, kamar albasa. In na waje ya tsufa sai ta karci icce ya saɓule, sabo mai kaifi ya bayyana. Watau gyaran farcenta ke nan, ba ta bukatar wanzami. Saboda haka maganin ɓarnar tabarma shi ne a kafa mata guntun icce mai kaushi a tsakar gida. A ɗebo shi daga itacen girki. Ban da na dajin Kamuku, gama tun 1999 gandun daji na ƙasa ne, an hana sara a cikinsa.

Amma fa akwai lokacin da yankan yake da amfani. Tsohuwar kyanwa wadda ta daina farauta, farcenta yakan yi tsawo ya lanƙwashe har ya soke mata tafin ƙafa. Wannan aikin babba ne ko likitan dabbobi, ba na yaro ba. Sai a matsa yatsar a hankali farcen ya fito, a datse ɗan tsinin kawai da abin yankan farce. Ja-ja ɗin nan da ake hangowa ciki jini ne da jijiya. In aka taɓa shi za ta ji zafi ƙwarai, ba za ta sake yarda a riƙe ƙafarta ba.

Wanda kyanwa ta yakushe, ya wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa. In ciwon ya yi zurfi, ko baƙuwar kyanwa ce, ya gaya wa iyayensa su kai shi asibiti a ranar.